Yadda ake gwajin dacewar jini ba tare da gezar ƙwayar jini ta ruɗe ka ba

A ƙananan asibitocin karkara na Jigawa, inda ake kawo mai jego ta zubar da jini cikin dare, sau da yawa a kan gilas kawai ake ɗiga jini, a ce ya dace. Wannan ya isa gane rukunin A, B da O, amma bai isa ƙarin jini ba.

Dalilin yana kan fatar jar ƙwayar jini. Tana da geza ta furotin mai sukari, musamman gilaikoforin, kuma a kan gezar akwai siyalik asid mai cajin negatif. Shi ya sa ƙwayoyin ke ture juna, ba sa matsowa kusa. Antibodi furotin ne na garkuwar jiki da ke kama baƙuwar ƙwayar jini. Antibodin IgM, irin na A da B, babba ne, yana iya kama ƙwaya biyu ya dunƙule su ko a zafin ɗaki. Antibodin IgG, irin na Rh (rukunin da ke sa a ce jini fozitif ne ko negatif), hannunsa gajere ne: zai manne a kan ƙwaya ɗaya, ya kasa kaiwa ga ta biyu. Idonka ba zai ga dunƙulewa ba, amma a jikin mara lafiya ƙwayoyin za su lalace.

Sai a bi ta bututun gwaji. A wanke ƙwayoyin mai bayarwa sau uku da ruwan salin, wato ruwan gishiri mai kashi 0.9, a tsinka su zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A zuba ɗigo biyu na sirum ɗin mara lafiya, wato ruwan jininsa da aka raba da ƙwayoyi, a kan ɗigo ɗaya na ƙwayoyin. A ajiye a digiri 37 na minti 30 zuwa 60. Idan akwai LISS, ruwa mai ƙarancin gishiri da ke sa antibodi ya yi saurin kamawa, minti 15 ya wadatar.

Daga nan a sake wankewa sau uku ko huɗu, a tsiyaye ruwan tas. Nan ne aka fi yin kuskure. Ko ɗan guntun sirum ya rage, zai cinye maganin Kumbs, maganin gwajin da ke kama IgG, gwaji ya nuna lafiya alhali ba haka ba. Sai a ɗiga maganin Kumbs, wanda aka fara amfani da shi a 1945. Shi ne ke zama gada tsakanin IgG ɗin da ke kan ƙwayoyi daban-daban. A juya a santifuj, na'urar juya bututu da sauri, na daƙiƙa 15 zuwa 20, a girgiza a hankali, a duba a kan haske ko ƙwayoyin sun dunƙule, alamar jinin bai dace ba.

Wasu na aske gezar da fafen, sinadarin da ake samu daga ƙaron gwanda. Yana fito da Rh fili, amma yana share alamomin wasu rukunonin jini, M, N da Dafi, don haka ba ya maye gurbin Kumbs.

Ƙwayoyin da suka jeru kamar kwabbai a madubin ƙara girma ba dunƙulewa ba ce. A cire sirum a sa salin, za su watse. Magungunan gwaji kuma a firij, digiri 2 zuwa 8. Idan firij ɗin sola ya mutu a bazara, a gwada su da jinin da aka san rukuninsa kafin a yarda da su.