Kafin ki sayi bokitin fenti

Ni dai shawarata kullum ita ce kada ki fara da bango. Ki fara da abin da canza shi ke da wuya: tayil, kujeru, kafet. Fenti kala-kala ne, ba ya wuyar samu, kujerar da aka riga aka saya kuwa ta zauna ke nan.

Masu adon gida suna da wani lissafi, 60-30-10. Kashi 60 na ɗakin ya zama launi ɗaya mai sanyi, galibi bango. Kashi 30 na labule da kujeru ne, ragowar 10 kuma launi mai ƙarfi, a filo ko tulun fure. Misali bango ruwan madara, kujeru ruwan ƙasa, filo biyu shuɗi mai duhu. Ina son ja, amma idan ya yi yawa a ɗakin kwana gajiyar da ido yake yi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne haske. Launin da kika gani a ɗan katin samfur yakan ƙara ƙarfi idan ya mamaye bango. Don haka ki shafa kamar faɗin jarida, ɗaya kusa da taga, ɗaya a lungu, ki maimaita shafin, ki bari ya bushe sarai, domin ɗanyen fenti yana ruɗin ido. Ki duba da hantsi, ki sake dubawa bayan kin kunna fitila. Ƙwan fitila mai 2700K (lambar K tana nuna launin hasken ƙwan) yana jan fenti ruwan toka zuwa rawaya, mai 6500K kuma ya mayar da shi shuɗi-shuɗi.

Idan ɗakin ƙarami ne, ki zaɓi launi mai haske, silin ki bar shi fari.