Kurakuran da aka fi yi wajen zuba wa gwara hatsi a tsakar gida

Mutum zai sayo sabuwar tasa mai ƙyalli, ya cika ta da gero, ya ajiye a tsakar gida, kwana biyu ba tsuntsun da ya sauka, sai ya ce gwara ba ta son geronsa. Tana so. Tasar take tsoro. Gwara na gudun duk wani baƙon abu da ya bayyana kusa da abinci, takan yi kwanaki tana leƙensa daga kan katanga. Babban kuskure shi ne a ɗauke tasar a kawo wata, ko a sauya mata wuri, don kowane canji yana mai da aikin baya. A samo tsohon kasko ko faifai, a ajiye wuri ɗaya, a watsa ɗan gero a ƙasa kewaye da shi, a ƙyale shi mako guda. Da ɗaya ta yi ƙarfin halin sauka, sauran za su biyo ta.

Wurin ajiyewa ma da magana. A fili fetal ba za su natsu ba, don suna son mafaka kusa: ɗaya ta yi kukan gargaɗi, duk su afka cikin darbejiya ko bayan zana. Amma idan kaskon ya manne da katanga ko danga, an shirya wa kyanwa buki ke nan. Tazarar mita 2 zuwa 3 daga mafaka ta isa, kuma a ɗora shi kan turke mai tsayin kamar mita ɗaya da rabi.

Kada a tsaya ana fuskantarsu. Gwara na lura da inda fuskar mutum ta dosa. Mai wanke-wanke da ta ba su baya ba ta damunsu, yaron da ya zura musu ido kuwa nan take zai tashe su.

Sai yawan zubawa. Tafi ɗaya ko biyu da sassafe ya wadatar, yadda zai ƙare kafin magariba. Ragowa ɓeraye take kira, da damina kuma ta jiƙe ta yi funfuna. Gero ya fi dacewa da bakinsu. Dawa ko masakwa sai an ɓarza. Ragowar tuwo mai miya da gishiri, a'a.

Ruwa ne aka fi mantawa, alhali a Marwa, Kusiri da Njamena zafin Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40. Zurfin ruwan kada ya haura santimita 2 zuwa 3, a inuwa, a canza kullum. Kashin tsuntsaye a kasko yana yaɗa cuta a tsakaninsu, don haka duk mako a wanke da ruwan javel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, a ɗauraye sosai, a shanya ya bushe. In an ga wata ta kumbura gashi tana gyangyaɗi da rana tsaka, a ɗauke kaskon da mazubin ruwan na mako biyu, sannan a mayar da su daidai inda suke a da.