Yadda Ake Kallon Halittun Dajin Mangurob a Yankin Neja Delta

Mangurob itace ne da ke tsirowa cikin taɓo a wuraren da ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri na teku, kuma dajinsa mafi girma a nahiyar Afirka yana Najeriya, galibinsa a yankin Neja Delta. Wanda ya je Fatakwal ko Kalaba yana son ganin halittun da ke rayuwa cikinsa, abu na farko da zai tambaya shi ne lokacin janyewar teku, domin a kan wannan ne duk tafiyar za ta dogara.

Teku na cikowa sau 2 yana janyewa sau 2 a kusan kowace kwana, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50 kullum. Janyewar ta fi nisa a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, saboda haka mai bin lissafin watan Musulunci yana iya zaɓar ranarsa tun daga gida. A nemi masunci ɗan gari mai kwalekwale, a shiga ruwa sa'a 2 kafin ruwan ya gama janyewa. A sa riga mai dogon hannu saboda sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo, a ɗaura rigar kariya ta ruwa, kuma kada a sauka cikin taɓon sai inda masuncin ya nuna, don akwai wurin da zai haɗiye mutum har cinya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi idan an taka taɓon ba alamar ƙazanta ba ce, rashin iska ne a cikin lakar.

Idan an isa, a ɗaure kwalekwalen a yi shiru na minti 10. Wannan shi ne matakin da baƙi suka fi kasawa. Da farko taɓon zai zama kamar babu mai rai a kansa, sannan ƙananan ƙaguwoyi su fara leƙowa daga ramukansu. A lura da namijin, wanda hannunsa ɗaya ya yi girma ainun, yana ɗaga shi yana saukewa don jan hankalin tamata da korar abokan hamayya, yayin da yake ɗibar laka da ƙaramin hannun yana tsotse abincin da ke cikinta, yana yar da sauran a dunƙule kamar ƙwayar gero. Kusa da su za a ga wani kifi mai idanu a saman kai yana jan ciki a kan taɓo. Yana iya daɗewa a wajen ruwa domin yana shaƙar iska ta fatarsa da cikin bakinsa muddin jikinsa na da laima, shi ya sa yake birgima cikin ɗan ruwa lokaci zuwa lokaci.

Daga nan a duba saiwoyin da suka sauko daga jikin itacen kamar ƙafafu. Kawar teku na manne da su, ƙananan dodon koɗi masu tsinin baya kuma suna kiwo a ƙarƙashinsu, su ne waɗanda matan yankin ke tsinta don miya. Kada a sare saiwa don a ciri kawa, domin da ita itacen ke tsayawa yana kuma shan iska. Idan aka ga wani irin kaba ya rufe bakin ruwa, wannan nifa ce, wadda aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906, tana kuma mamaye wurin mangurob.

Da zarar ruwa ya fara dawowa, sai a juya kallo ga bakinsa, inda 'ya'yan kifi da jatan lande ke shigowa tsakanin saiwoyi, zalɓe kuma yana tsaye yana jiransu. Ayu ma yana shiga waɗannan mashigai ya ci ganye, amma ganinsa sai mai sa'a, kuma doka ta hana farautarsa. A kama hanyar komawa tun ruwan yana da isasshen zurfi, domin ƙananan mashigai sukan ƙafe a janyewa ta gaba, su bar kwalekwale zaune kan taɓo na sa'o'i.