Yadda Za Ka Fara Rubuta Gajeren Labari

Matasa a nan Jos sun sha tambayata ta ina ake farawa. Ga matakan:

1. Karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Dubi yadda Malam Zurƙe ke yi wa Alhaji Imam keta, shi ma yana ramawa. Wannan ja-in-jar ce ke riƙe mai karatu.

2. Bi shi da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, don koyon ba da labari a natse.

3. Je kasuwar Farin Gada da sassafe, ka saurari cinikin tumatir da kabeji.

4. Rubuta maganar mutane yadda suka faɗe ta.

5. Zaɓi mutum ɗaya cikinsu.

6. Jefa shi cikin matsala guda, misali kuɗin uban ɗakinsa sun ɓace a hannunsa.

Hattara, nan ake yawan faɗuwa: kar ka buɗe da tarihin kakanninsa. Fara daga lokacin da ya lalubi aljihu ya ji wayam.

7. Rubuta har ƙarshe, ban da gyara.

8. Ajiye shi mako guda.

9. Karanta da babbar murya, ka soke duk inda harshenka ya sarƙe.

10. Ba wa wanda ba ya jin kunyarka ya duba maka.