Bayan bijimi ya wuce: yadda ake kai "a toro pasado" cikin Turanci

Ɗan yayata ya same ni a Unguwar Rimi bayan la'asar da takarda a hannu. Yana rubutun digiri na biyu a falsafa da Turanci, sai ya ci karo da "a toro pasado", wato "bayan bijimi ya wuce", a wani rubutun Sifaniyanci. Ya ce, "Kawu, manhajar fassara ta ba ni shirme." Na ce zauna, a kawo shayi.

Fara da sanin gidan da maganar ta fito. A filin wasan bijimai na Sifaniya, namiji shi ne wanda ya tsaya ƙaho ya nufo cikinsa. Wanda ya kaɗa ƙyallensa bayan ƙahon ya wuce, burga kawai ya yi. Har sukan ce in bijimi ya wuce kowa Manolete ne, wato gwanin nan da bijimi ya soke a Linares a 1947 ya yi ajalinsa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho na mahauta ya san masu bakin nan na bayan fage.

Daga nan ka auna jimlar da Hausa kafin ka taɓa Turanci, ni dai haka nake yi. In "da na sani ƙeya ce" ta zauna, nadama ake nufi. In "ihu bayan hari" ce, latti ake nufi. Amma yawanci "a toro pasado" ba'a ce ga mai wayon da bai biya ko sisi ba, irin na gidan kallon ƙwallo a Kawo, mai gyara wa koci lissafi bayan an tashi wasa.

In marubucin lokaci kawai yake nunawa, sa "after the fact" ko "in hindsight" ka wuce. In akwai habaici, "wise after the event" ta fi riƙe shi. In kuwa ya ci gaba da zancen ƙaho da tsoro a layukan gaba, bar masa bijiminsa: "once the bull has passed", da ɗan bayani a ƙasan shafi.

Guji "Monday-morning quarterback", ƙwallon Amurka ce, ba ta dace da bakin mutumin Madrid ba. "Hindsight is 20/20" kuma tarko ce. Daga gwajin ido ta fito, tana cewa waiwaye gani ne tangaran, alhali masanin halayyar ɗan Adam Baruch Fischhoff ya nuna tun 1975 cewa in mutum ya san ƙarshen abu sai ya ɗauka tun farko a fili yake. A rubutun falsafa, wannan kaɗai na iya kifar da hujjar marubuci.

Jimlar da yaron ya kawo a kan masu yanke wa magabata hukunci ce, layi biyu gaba kuma ga ƙaho. Muka bar bijimin.