Yadda ake ba yaro maganin zazzaɓi da ciwon jiki ba tare da an cutar da shi ba

A yawancin gidajen Maradi, da zarar jikin yaro ya yi zafi, farasitamol ne uwa take fara nema, kuma magani ne mai kyau matuƙar an bayar da shi bisa ƙa'ida. Sai dai da yake ana sayensa ba tare da takardar likita ba, mutane da yawa sun ɗauka ba ya da illa, alhali kuwa idan ya wuce kima hanta yake lalatawa.

Kafin ki buɗe kwalba, ki fara duba yaron. Idan akwai ma'aunin zafin jiki a gida, ki auna. Daga digiri 38 zuwa sama ne ake cewa zazzaɓi. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan jikinsa ya yi zafi, asibiti ake kai shi kai tsaye, ba a gwada masa magani a gida. Haka ma duk yaron da yake jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya ƙi nono, ko yake aman duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya galabaita har ba ya farkawa sosai.

Abu na biyu shi ne inda za ki sayi maganin. Ki je farmasi mai izini, ki bar na masu tallar magani a faranti ko bisa keke, domin ba ki san daga inda ya fito ba, kuma ya wuni cikin rana. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan sun sha siro mai ɗauke da guba. Ki duba ranar ƙarewar wa'adi, ki tabbatar murfin bai taɓa buɗuwa ba.

Sai awo, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Da nauyin yaro ake auna magani, ba da shekarunsa ba, kuma nauyin yana rubuce cikin karnensa na awo, wato littafinsa na asibiti. Idan ya daɗe ba a auna shi ba, a sake. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo a sha ɗaya, ana barin awa 6 tsakanin sha da sha, kuma ba a wuce sau 4 a dare da rana. Yaro mai kilo 10 ke nan zai sha miligiram 150 a mafi yawa. Idan an rubuta a jikin kwalba cewa akwai miligiram 120 cikin mililita 5, to mililita 6 ya ishe shi. Amma ƙarfin siro ba ɗaya ba ne: Efferalgan na yara da Doliprane duk siron farasitamol ne, amma Efferalgan ya fi Doliprane ƙarfi a kowace mililita, shi ya sa kowanne yake zuwa da nasa ma'aunin mai alamar kilo, kuma ba a musanya su. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne, domin na kowane gida da girmansa. Ƙwayar manya mai miligiram 500 kuwa, kada a ɓalle ta da ka a ba ƙaramin yaro sai ma'aikacin lafiya ya faɗi rabon da ya dace. Yaron da ke fama da tamowa ma haka, a bar wa likita awonsa.

Ki riƙa lura da lokacin da aka ba shi, ki kuma sanar da duk wanda ke gidan, don kada kaka ko kishiya su ƙara masa cikin kyakkyawar niyya. Ki karanta jikin maganin mura, saboda da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai yaro ya sha ninki biyu ba a sani ba.

Ibuprofen ana bayar da shi bayan an ci abinci, miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, da tazarar awa 6 zuwa 8. Ba a ba jariri ƙasa da wata 3, ko yaro mai gudawa da amai wanda ruwan jikinsa ya ragu, domin yana iya taɓa ƙoda, ko mai ƙarambau. Asfirin kuwa ba na yara ba ne har sai sun kai shekara 16.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a jihar nan. Farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar cutar. Sai uwa ta ga jiki ya yi sanyi ta ɗauka yaro ya warke, alhali cutar tana cin jininsa. Don haka a ƙasarmu duk yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi cibiyar lafiya cikin awa 24 a yi masa gwajin jini na ɗan yatsa, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20, ko da an riga an ba shi magani a gida, ko da kuma yana shan maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata da damina. Kafin a isa, a rage masa tufafi, a yawaita ba shi nono da ruwa.

Idan kuwa yaro ya sha fiye da kima, ko ya ɗauki kwalba ya kurɓa da kansa, a garzaya da shi asibiti nan take tare da kwalbar, ko da yana wasa lafiya lau, domin alamun lalacewar hanta sukan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin su bayyana, kuma maganin da ke karya gubar ya fi aiki cikin awa 8 na farko.