Sabon babur da matsalar kuloci: kada ka yi saurin bari a buɗe maka inji

Ɗan uwa in ka sayi babur kwanan nan, ko na hannu ne daga wajen dillali ko sabo ne da aka haɗa maka daga kwali, sai ka ji kuloci ba daidai ba, don Allah kada ka garzaya wajen bakanike ka ce a canza maka filet, wato faya-fayan da ke cikin kuloci. Sau da yawa gyaran bai wuce na sifana ɗaya da minti goma ba, amma wallahi yana min ciwo in ga mutum ya sayar da buhun gero ya zuba kuɗin a gyaran da ba shi ne ciwon ba.

Da farko ka gane wanne ne ke damunka, don matsalar kala biyu ce kuma kishiyoyin juna ne. Akwai zamewa, wato ka murɗa totur inji ya yi ta ihu amma babur ɗin ba ya ƙara gudu, musamman in ka ɗauko kaya ko kana hawa tudu. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka samu miƙaƙƙiyar hanya ka sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, sai ka ba shi wuta gaba ɗaya. In ƙara ta tashi gudu bai biyo ta ba, toh yana zamewa. A wasu baburan ma kik ɗin kansa zaka ji yana suɓucewa ba ya juya inji. Ɗayar kuma ita ce ƙin saki: ka matse hannun kuloci har ƙarshe amma da ka sa giya sai ya yi tsalle ya mutu, ko ya riƙa jan ka gaba kana tsaye, neman firi kuwa ya zama aiki sai ka kashe inji. In kuma fizga kake ji tare da ƙarar ƙas-ƙas daga baya, fara duba sarƙa da haƙoran da take hawa, wannan ba laifin kuloci ba ne.

Toh ka fara da waya. Hannun kuloci dole ya kasance da ɗan wasa kafin ka ji ya fara jan waya, milimita 2 zuwa 3 a gindin hannun inda yake buɗewa, kamar kaurin tsinken ashana kenan. In babu wasan nan ko kaɗan, kullum kulocin a ɗan matse yake ko da ka sake shi, shi ya sa yake zamewa yana cin filet a banza. In wasan ya yi yawa kuma ba zai saki sosai ba. Wajen saitin biyu ne, akwai na sama kusa da hannu wanda ake juyawa da yatsa bayan an sassauta zoben da ya kulle shi, ka shigar da shi ciki wasa ya ƙaru, ka fito da shi wasa ya ragu, sannan akwai na ƙasa kusa da inji mai noti biyu in na saman ya ƙure. Bayan ka saita ka karya kan babur ɗin dama da hagu har ƙarshe kana taɓa hannun, in wasan yana canzawa toh wayar ce ba a bi da ita ta hanyarta ba, kuma wannan yana faruwa da sababbi in mai haɗawa ya yi gaggawa. Sabuwar waya ma tana ɗan miƙewa a makonnin farko, sai an sake saiti. In hannun ya yi tauri har yana gajiyar da yatsu ka cire wayar ka ɗiga mata mai ta sama har ya fito ta ƙasa, ƙurar hunturu ce ta cika ta, amma in ka ga silin ƙarfen ya fara tsinkewa a bakin, canza ta kawai kafin ta yanke maka a daji.

Sai baƙin mai, kuma nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Kulocin Boxer da Jincheng da Haojue da ire-irensu a cikin man inji yake wanka, man da ke shafe fistin shi ne ke jiƙa filet. Wasu man mota an sa musu sinadarin ƙara santsi, a mota alheri ne, a babur kuwa sai filet ya kasa kamawa. Babur na hannu kuma ba ka san me mai shi na da yake zubawa ba, wataƙila na awo ne na bakin titi. Saboda haka ka yi juye tun ranar farko, ka nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA ko MA2 a jikin robar, 20W-50 shi aka saba da shi a zafinmu, kusan lita 1 ƙananan baburan nan ke sha, ka duba ma'auni kada ya wuce layi. Ka hau shi kwana biyu ka gani.

In duk ka yi wannan yana nan yana zamewa, yanzu kam a buɗe. A tsiyaye mai, a cire murfin gefen dama, a sassauta kusoshin sifirin da ke matse filet kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa. Ka tsaya a wajen, ka ɗauki hoto da wayarka yadda aka jera filet ɗin, faiba ɗaya (wato mai ɓawon da ke kamawa) ƙarfe ɗaya. Faiban da ya mutu zaka ga ya shafe ya yi baƙi yana warin ƙuna. Na ƙarfen in ya yi shuɗi-shuɗi ya sha zafi, ka kwantar da shi kan gilashi ka danna gefe, in yana rawa ya lanƙwashe, kuma shi ne ke kawo ƙin saki da kakkarwa wajen tashi. A duba kwandon da suke zama ciki, in gefensa ya yi tsaga-tsaga a goge da fayil a hankali, in ya ci da yawa sai sabo. Sifirin da ya gajarce a canza duka saitin. Ban yarda da dabarar cusa washa ƙarƙashin sifirin ba, hannu zai yi tauri kuma ciwon yana nan. Sabon faiba a jiƙa shi cikin baƙin mai na wasu awanni kafin a sa, in da hali ya kwana, a sa sabon fakin da ke hana yoyon mai a murfi, kuma kada a ɗaure kusoshin sifirin da ƙarfin tsiya don saurin karyewa gare su.

Masu roba-roba, wato babur marar hannun kuloci, ku naku ba waya, saitin yana jikin murfin dama, sukuru ne da noti, shi ma a fara da shi.

Bayan gyara sai hali. Hanyoyinmu rairayi ne, ranar Lahadi mutum ya ɗauro buhu biyu zai kai Gujungu, ya shiga yashi a giya ta uku yana rabin kuloci yana ba da wuta, toh ko sabon filet ne ba zai daɗe ba. Ka sauko giya ɗaya ko biyu tun kafin ka shiga yashin ka saki hannun kulocin gaba ɗaya, in ya kafe ka sauka ka tura, kuma ka cire yatsunka daga kan hannun kuloci in kana kan miƙaƙƙiyar hanya.